Kamu Biyu Zuwa Rami

Whitechapel, London
20 ga Yuli, 1976

Zuwa ga Saudatu, matar jikana Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da nauyin da kike ɗauke da shi. Allah ya raba lafiya. Ki gaishe mini da mutanen Unguwar Shanu kaf, har da masu gulmata. Mu nan lafiya lau. Autata Hansai tana gaishe ki, haka mijinta Likita. Yanar idona tana nan, an yi booking za a cire ta dama watan gobe, ta hagu sai daga baya. Saboda haka ki yi haƙuri da rubutun. Dama can na yaƙi da jahilci ne, yanzu kuma ya koma sawun kaza a kan kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Zafi ake yi a garin nan irin na bazara. Turawa sun yi ja wur kamar barkono, ciyawarsu ta bushe, har an hana su ba furanni ruwa. Ni kaɗai nake yawo da mayafi biyu ina jin daɗina.

Kin ce a tambaye ni ko na ga wasan da ya kawo mijinki London. Na gani. Na san shi ba zai ba ki labari ba, tun yana yaro in aka ce yaya makaranta sai ya ce tana nan. To gyara zama.

Golf ɗin nan da yake tafiya duk Asabar, ashe manyan mutane ne ke bugun ƙwallo kamar ƙwan zabo da sanda, su bi shi a ƙasa, su sake bugu, har ya faɗa rami. Rami goma sha takwas. Mutum takwas suka zo daga gida, na Kaduna da na Jos da na Ikko, don su kara da Turawa takwas a wani fili bayan Croydon. Duk wannan wahala a kan wani kofin azurfa ce, bana a yi a nan, baɗi a yi a can. Bara ma a Kaduna Turawa suka ci suka dawo da abinsu.

Likita ya ce a wannan gasa ba a tara bugu a lissafa a ƙarshe. Kowane rami shari'arsa daban. Wanda ya shigar da ƙwallonsa da bugu kaɗan, ramin nasa ne. In kin yi ɓarna goma a rami ɗaya, rami ɗaya kika rasa, ki kakkaɓe zani ki yi gaba. Na ce da haka ake zaman duniya da an huta. Wanda ya fi yawan ramuka ya ciyo wa ƙasarsu maki ɗaya. In an yi canjaras, a raba makin rabi da rabi. In kuwa mutum ya tsere wa ɗan'uwansa da ramukan da ba za su kamu ba, nan take a yi musabaha kowa ya nemi inuwa.

Asabar da safe bibbiyu aka yi da ƙwallo ɗaya, wannan ya buga wancan ya buga, lugude dai irin na mata biyu a turmi ɗaya. Aka haɗa mijinki da wani Ephraim mutumin Jos, dogo kamar giginya. Ephraim ya jefa ƙwallo cikin ƙaya, mijinki ya shiga ya fito da shi, babu wanda ya harari wani. Suka ci. Da la'asar ma bibbiyu ne, sai dai kowa da ƙwallonsa, a ɗauki na wanda ya fi a cikinsu. Nan aka lallasa su. Wai a gida bakin ramin yashi ne da baƙin mai, nan kuwa ciyawa ce an aske ta kamar kan jariri ranar suna, ƙwallo in an taɓa shi sai ya yi ta gudu kamar an aike shi.

Lahadi ɗai-ɗai aka yi. Kyaftin ɗinsu, wani Kambai mai gashin baki, ya jera sunayen mutanensa a takarda a ɓoye, na Turawa ma ya jera nasa, aka buɗe, na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu. Mijinki ne na takwas. Na ce wa Hansai an raina mini ango, an sa shi a wutsiya. Likita ya ce ba haka ba ne, wanda aka fi yarda da zuciyarsa shi ake ajiyewa a ƙarshe.

Akwai al'adarsu ɗaya da ta burge ni. In ƙwallon abokin karawarka ya matso bakin rami, kana iya bar masa, ka ce ya ɗauka, a lissafa kamar ya shiga. In ka faɗa ta zauna, ba ka janyewa, shi ma ba shi da ikon ƙi. Na ce ashe Turawa ma sun san kara.

To, maki goma sha shida ne gaba ɗaya. Kafin mijinki ya iso ramin ƙarshe, mu bakwai da rabi, su bakwai da rabi. Shi da nasa Baturen, wani mai furfura Mista Ashdown, su ma babu wanda ya fi wani ko da rami ɗaya. Jama'a duk suka dawo kansu. Mijinki ya shigar da nasa a bugu na huɗu. Na Baturen ya tsaya kamu biyu zuwa rami, shi ma na huɗunsa zai buga. In ya ɓarar mun ci. Sai mijinki ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon ya miƙa masa. Turawa suka yi ta tafi. Aka tashi takwas da takwas.

Kofin dai yana nan London. Wai haka dokar take.

Ya iso lafiya? Ranar tafiyarsa durƙusawa ya yi ya gaishe ni kamar wata baƙuwa. Bai ce mini tsohuwar matata ba, bai ƙwace mini goro ba. Wataƙila gajiya ce. Ki tuna masa alkawarin takwara yana nan in mace ce, tun yana aji uku ya ɗauka, ba ni na sa shi ba.

Kakarku,
Yelwa


Unguwar Shanu, Kaduna
16 ga Agusta, 1976

Zuwa ga Hajiya Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaishe da Gwaggo Hansai da Likita da yara. Allah ya sa a yi aikin ido a sa'a. Ni lafiya, sai kumburin ƙafa. Wasiƙarki ta yi kwana ashirin a hanya. Na karanta wa maƙwabciyarmu Juliana wurin lugude, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Amma Hajiya, gidan nan babu dariya. Maigidan ya iso lafiya, jiki dai. Jakar sandunan da yake gogewa duk Juma'a tana ƙarƙashin gado, ko takardar jirgi ba a cire mata ba. Asabar uku ke nan bai taka fili ba. Ephraim ya zo daga Jos, shi ya gaya mini a kulob yanzu Alhaji Mai Kyauta suke ce masa. Kambai kuma ya faɗa a gaban mutane cewa kofin ƙasa ba goron mutum ba ne da zai miƙa wa wanda ya ga dama. Shekara tara rabon kofin da kwana a ƙasar nan. Wai da wuya a sa sunansa baɗi.

Na tambaye shi dalili, ya ce shi ya ga dama. Ni kuwa na san ba halinsa ba ne, mutumin da ko a dara ba ya bar wa kowa. Ke kina wurin, Hajiya. Me ya faru?

Na ba shi wasiƙarki ya karanta, ya ninke ya miƙo mini. Na ce me zan ce miki. Ya ce in ce ki zauna can tukuna, kada ki yi gaggawar dawowa.

Taki,
Saudatu


Whitechapel, London
9 ga Satumba, 1976, tsakiyar azumi

Uwaisu,

Ina gaishe ka, yaya ibada, yaya aiki. An cire yanar dama kuma an dace. Yanzu ina ganin ƙurar da ke kan kabad ɗin Hansai, har mun yi faɗa a kai. An fara ruwa, ciyawar Turawa ta farfaɗo.

Zan so in ci gaba da irin wannan har takarda ta cika, amma ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Matarka ta tambaye ni me ya faru. Ni da aka sani da ƙara wa labari gishiri, a wasiƙar da na rubuta mata rage masa na yi. Ka ba ta wannan ta karanta, don ta san mijinta ba wawa ba ne, kaka gare shi.

Saudatu, a wasan nan in mutum ya sunkuya zai buga, ba a ko tari. An gaya mini haka tun a cikin jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, an sake gaya mini a bakin ƙofa. Kwana biyu na riƙe bakina, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni. A ramin ƙarshe ina tsaye bayan igiya, Hansai tana riƙe mini laima. Baturen ya tsuguna yana auna hanyar ƙwallonsa, sai na ga sandar tana rawa a hannunsa. Duk da yanar idona na gani. Ga matarsa can gefe ta cusa hankici a baki. Sai mijina marigayi Malam ya faɗo mini, yadda hannunsa ya riƙa karkarwa a ƙarshe har ba ya yarda ya sha koko a gaban baƙi. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Uwaisu, sa'an kakanka ne. Kada ka bari ya ji kunya a gaban matarsa."

Turawa ba su ji abin da na faɗa ba, sun ɗauka addu'a ce. Kambai yana can ƙetare wajen tuta, bai ji ba. Kai kuwa Uwaisu, ka ji. Ka waiwayo ka yi mini irin kallon da ka yi mini ranar da na kai ka makarantar kwana na juya zan tafi. Sannan ka sunkuya.

Ga abin da ban sani ba, kuma ba don in wanke kaina nake faɗa ba. Ni a zatona in an yi canjaras raba kofin ake yi, wata shida nan wata shida can, kamar tukunyar biki da unguwa ke karɓa-karɓa. Na ce ka ga, ba wanda ya faɗi, ba wanda ya ji kunya, kowa ya koma gida da mutuncinsa. Har ina jin kaina kamar na yi sulhu tsakanin ƙasa biyu. Sai a jirgin dawowa Likita ya ce mini in an yi canjaras, wanda ke riƙe da kofi shi ke ci gaba da riƙewa. Canjaras ɗinsu ci ne, namu faɗuwa. Har muka iso flat ban ce uffan ba, Hansai ta ɗauka zazzaɓi ne.

An gaya mini dokar bar wa mutum, ba a gaya mini wannan ba. Amma ni ma ban tambaya ba. Na ji rabin magana na kama wa'azi da ita a fili, a gaban ƙasa biyu, ga yaron da na san ba zai iya ce mini a'a a gaban mutane ba. Ni na tarbiyyantar da kai a kan haka, kuma ni na yi amfani da ita.

Ka turo mini adireshin Kambai. Likita zai rubuta da Turanci, in dangwala hannu. A ce laifin tsohuwa ne, a mayar maka da sunanka.

Saƙonka ya iso, cewa kada in yi gaggawar dawowa. Ban ga laifinka ba. Ko ni ce ba zan so ganin fuskar nan kusa ba.

Kakarka,
Yelwa


Kaduna
11 ga Oktoba, 1976

Hajiya,

Na sami wasiƙarki. Barka da Sallah. Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ki rubuta wa Kambai, kada ki sa Likita ya rubuta. A wasan nan ɗan wasa ba ya karɓar umarni daga 'yan kallo. Gara a ce na yi wauta da kaina, da a ce kakata ce ke buga mini wasa daga bayan igiya. Ina kuma roƙo kada ki ba kowa labarin nan, ko a London ko a gida.

Saudatu tana gaishe ki.

Uwaisu


Whitechapel, London
8 ga Nuwamba, 1976

Uwaisu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Saudatu, Allah ya kawo mata sauƙi a wannan wata. Mu nan sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu gari ya yi duhu kamar an hure fitila. Gwiwata ta hagu tana gaishe ka ita ma.

Na ƙirga wasiƙarka, layi bakwai ce har da sunanka. Hajiya ka ce mini. Rabon da ka kira ni Hajiya tun ranar da na sauka daga Makka, shi ma dariya kake yi wa haƙorina.

Ka san inda ka kama ni. Da ka ce in yi azumin wata uku da ya fi mini sauƙi a kan ka ce kada in ba da labari. Makon jiya a kasuwar Deptford muna zaɓen kuɓewa muka haɗu da Tabitha, nas ɗin nan ta Kafanchan, ta ce Hajiya an ce kin je kallon wasan 'yan gida, yaya aka yi? Na ɓantari goro na cusa a baki na ce haƙori ke damuna. Labari mafi girma da na taɓa samu a rayuwata, ni ce a tsakiyarsa, kuma a cikina zai ruɓe. Ya yi daidai.

Amma akwai abin da na yi, ban sani ba ko ya shiga cikin haninka. Ranar Talata muka je Croydon ofishin takardun zama, don a ƙara mini wata shida, tun da ba a gaggawata a gida. Mun yi layi tun safe har azahar. Da muka fito na ce wa Hansai filin nan ba nisa, sai ta kai ni. Ta ce Inna me za ki yi can cikin ruwan nan? Na ce zan duba wani abu da na yar.

Muka tarar da Mista Ashdown ya dawo daga zagaye. Abu na farko da sabon idona ya nuna mini, mutumin nan ba sa'an kakanka ba ne. Furfurar gado ce. Hansai ta tambaye shi, shekararsa hamsin da biyu. Da Allah ya raya mini ubanka da kusan sa'o'i ne. Ka ga tsohon da na tsaya wa.

Ya gane mu, ya kai mu ciki ya sa aka kawo shayi, yana ta yabonka, wai bai taɓa karawa da mutum mai halinka ba. Ban gaya masa komai ba, na riƙe alkawari. Na dai ce Hansai ta tambaye shi, da ba a bar masa ba, da ƙwallon ya shiga? Ya yi dariya ya ce wannan babu wanda ya sani. Na ce ta gaya masa ni tsohuwa ce, ban hau mota biyu cikin ruwa don a lallashe ni ba.

Sai ya miƙe. Ya ɗauki sanda ɗaya ya ce mu biyo shi. Muka fita cikin yayyafi har ramin ƙarshe. Ya ajiye ƙwallo kamu biyu, daidai inda na tuna. Ya sunkuya. Babu jama'a, babu kofi, daga ni sai Hansai sai wani tsuntsu. Hannun ya fara rawa. Ya buga, ƙwallon ya wuce ta gefe ko leƙa ramin bai yi ba.

Ya ce shekara uku ke nan hannunsa ke fizga in ƙwallo ya zo kusa, na nesa ba ya ba shi tsoro. Ya ce ranar nan ko ramin ba ya gani sosai, kuma ya riga ya gaya wa matarsa in ya ɓarar wa mutanensu kofi ya bar wasan har abada. Sannan ya dube ni ya faɗi magana gajeriya, Hansai ta juya mini ita: "Da na ɓarar, Mama. Kofinku ne."

Ba zan ɓoye maka ba, na je ne neman abin da zan wanke kaina da shi. Na so in rubuto maka cewa ko da ban yi magana ba da ya shigar, ba abin da aka rasa. A bas Hansai ta ce in rubuta hakan kawai, wa zai sani? Na yi shekara saba'in ina gyara labari ya yi daɗin ji, kuma wannan ko ƙoƙari ba ya buƙata. Na kasa. Kofin naka ne, Uwaisu. Ka ci shi da hannunka, ni na miƙa shi da bakina.

Batun takwara, na sauke maka. Alkawarin ɗan aji uku ne, kuma an yi shi ne da wata tsohuwa mai hankali. In mace ce ka sa mata sunan mahaifiyar Saudatu, baiwar Allah ce mai shiru.

Za a yi aikin idon hagu ƙarshen wata. Ba sai ka ba da amsa ba.

Yelwa


Unguwar Shanu, Kaduna
6 ga Disamba, 1976

Tsohuwar matata,

Barka da Sallah, barka da shan sanyi. Ina fatan an gyara idon hagu, ko kya daina ganin tsofaffi inda babu su.

Saudatu ta sauka lafiya ranar Lahadi ta wancan mako, mace. Wasiƙarki ta iso saura kwana uku suna. Na karanta ta a tsaye a ƙofar gidan waya, na zauna a kan dakali na sake karantawa.

Wahalar da kika sha zuwa Croydon ta banza ce. Na san zai ɓarar. Rami goma sha bakwai ina tafiya da mutumin, tun rami na shida na ga hannun, kuma da gangan ban bar masa ko na taƙi ɗaya ba duk ranar. Haka ake wasan. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Amma da kin rubuto cewa ya shiga, da na gane kin gyara, kuma da ban san ranar da zan sake yarda da wasiƙarki ba.

Na ji muryarki sarai. Sai dai da na so, da na yi kamar ban ji ba, fili ne mai iska. Ke kika yi magana, ni na sunkuya. Wata huɗu ina neman in ɗora miki duka, ya ƙi zama. Rabi naki ne, rabi nawa. Kuma kin riga kin koyi dokar: in an yi canjaras, mai riƙe da abu shi ke ci gaba da riƙewa. Ke ke riƙe da ni tun ina wata bakwai.

Wa ya ce miki ba a son ganinki? Cewa na yi ki zauna a gama ido na biyu, don na san halinki, kina iya tattara kaya ki taho da ido ɗaya ki ce ya ishe ki. Fushi nake yi lokacin, ban tsaya na cika maganar ba.

Kambai ya fitar da sunayen baɗi. Ba ni a ciki. Ba zan ce miki bai dame ni ba. Ephraim yana ciki, ya ce in ɗaukar masa jaka, don mai ɗaukar jaka doka ta yarda ya ba ɗan wasa shawara. Na fito da sanduna daga ƙarƙashin gado. A Kaduna za a yi, kuma za ki je, amma Saudatu za ta tsaya kusa da ke da ƙwaryar goro.

Jiya aka raɗa suna. Ba ke kika ɗauki alkawarin ba, balle ki sauke. Yelwa ce. Kwananta takwas a duniya, har yanzu ba ta sa baki a maganar kowa ba.

Angonki,
Uwaisu


Whitechapel, London
29 ga Disamba, 1976

Ango,

Lafiya lau, ido biyu tar. Na sa Likita ya yi booking, ranar sha biyar ga watan gobe ina tafe, wata shidan Croydon su riƙe abinsu. Hansai ta ce wasiƙarka ta jiƙe, na ce mata yayyafin garin nan ne.

Ka ce rabi da rabi. Na karɓa don kai ka faɗa, kuma an ce in an bar wa mutum ba shi da ikon ƙi. Amma ranar da za a karanta sunaye takwas a Kaduna babu naka, ni na san nawa rabin ya fi nauyi, kuma zan tsaya bayan igiya in ɗauke shi bakina a rufe.

Labarin kuwa yana nan a cikina, ban ba kowa ba. Mutum ɗaya nake roƙon ka yarda in ba, takwarata, in ta yi wayo, kafin wani ya koya mata rabin doka.

Ka shafa mini kan takwarata. Ka ce ba ta sa baki a maganar kowa. Ka ba ta shekara biyu.

Matarka ta fari,
Yelwa